Ka Samo Mana na Malam Li?

Mu mutanen Gozaki da masara aka san mu, da dawa da auduga, ba da sinima ba. Amma wanda ya zauna majalisarmu bayan isha'i, musamman idan kaka ta yi an kai amfani rumbu, zai ji cewa in ka cire farashin taki da ƙwallon Ingila, babu zancen da ke daɗewa a bakinmu kamar na fim. Muna kallo, kuma muna da tamu hanyar. Ba mu yankar tikiti, kuma 'yan kaɗan ne a cikinmu ke da katin da za a riƙa cire wa kuɗin Netflix duk wata. Abin da muke da shi memori ne, da shagon mai turi, da ɗan'uwan da zai shiga Funtua ko Malumfashi ya dawo kafin magariba. Fim a aljihu yake shigowa garin nan.

Haka muka taso muka tarar. Iyayenmu sun yi zamanin Amitabh da Dharmendra, ba su jin Indiyanci amma sun san wane ne jarumi, wane ne bos. Sai kaset ɗin Hausa ya zo, tun daga Turmin Danya na 1990, sai faifai, sai fassarar Algaita ta Kano da ta sa Ba'indiye ya koma yi mana magana da bakin 'yan unguwa. Koriya kuwa a faifan Jumong ta shigo mana, wancan mai dogon zango da aka nuna a ƙasarsu daga 2006 zuwa 2007, kashi 81 cif. Babu mamaki da ya karɓu. Akwai sarki da fadawa, akwai dawaki, akwai 'yan uba masu rikicin gadon sarauta, yaro na rusuna wa babba, mata kuma cikin sutura har ƙasa. Mata suka riƙe Jewel in the Palace, labarin yarinyar da ta fara daga madafar gidan sarki ta ƙare tana likitarsa. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, Squid Game ya fito, kuma bai fasa isowa ba. Wanda ya dawo daga Zariya ya zo da shi, aka kunna Xender, waya ta ba waya. Xender ba ruwanta da sabis.

To duk waɗannan na kowa da kowa ne. Zancen da nake so in yi na wasu 'yan tsiraru ne a cikinmu, da wani darakta guda da ya hana mu sakat, Lee Chang-dong. Mu Malam Li muke ce masa, kuma malantar ba ƙage ba ce, don ya koyar a sakandare ya kuma rubuta littattafan labari kafin ya taɓa kyamara. An haife shi a Daegu a 1954, bai yi fim ɗinsa na farko ba sai da ya haura arba'in. Ya ma riƙe ministan al'adu daga 2003 zuwa 2004, daidai lokacin da namu na Kafur, Aminu Bello Masari, ya hau kujerar kakakin majalisar wakilai a Abuja. Tsakanin 1997 da 2018 dogayen fina-finai shida kacal ya fitar. A Kano akwai daraktan da zai yi shida kafin damina ta zagayo.

Yadda ya shigo mana shi ne, a farkon 2020 aka yi ta labarin Parasite na Bong Joon-ho, fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar. Wannan kam, mai turi ya samo shi ba wuya. Wani malamin Turanci da muke zama da shi ya ga mutumin da ya fito a uban gidan talakawan nan, Song Kang-ho, ya ce shi wannan fuskar ta yi masa, sai ya ga sauran ayyukansa. A wannan bincike ya ci karo da sunan Secret Sunshine na 2007, inda Song ya fito a bakanike. Ya rubuta sunan a takarda ya kai shagon turi.

Yaron shagon ya juya takardar, ya ce, "Malam, sizin nawa ne?"

"Ba sizin ba ne, guda ɗaya ne."

"Da faɗa?"

"Babu."

"Fassarar wa?"

"Ba a fassara shi ba."

"To Malam, me ake yi a ciki?"

Ba laifin yaron ba ne. Kwamfutarsa cike take, kuma a tsare: ga Indiya-Hausa, ga Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa, ga na Turkiyya, ga wa'azi, ga dambe da kokawa. Abin da ake tambaya shi yake ajiyewa, shi ma daga manyan masu turi yake ɗaukowa, su kuma daga Kano. Fim ɗin da babu duka, babu waƙa, babu fassara, ba shi da gurbi a wannan layi, don ba wanda zai ba da ko sisi a tura masa.

Daga nan muka koyi nema da kanmu. Hanya ta farko ɗalibanmu ne da ke Jami'ar Ahmadu Bello, su da ke kusa da intanet mai ƙarfi. Idan hutu ya matso sai a aika musu da sunaye, su zo da filas. Hanya ta biyu data ta dare. Mutum ya yi caji tun da rana a wurin mai sola, ya jira sha biyu ta wuce, ya nemi kusurwar gida da sabis ke kamawa, ya jingine waya ya hana kowa taɓa ta. Fim mai kyan hoto yakan haura giga ɗaya. Sai ya kai kusan ƙarshe sabis ya ɗauke, a koma farko. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, karo-karo muke yi. In kuma fim ya sauka, aiki bai ƙare ba, don sau da yawa rubutun fassarar Turanci da ke bi ta ƙasan hoto daban yake zuwa. Sai an nemo shi, an sa masa suna iri ɗaya da na fim ɗin, an ajiye su wuri guda, sannan VLC ta yarda ta haɗa su. Wani lokaci rubutun ya riga baki, mace na kuka amma maganar da ke ƙasa ta wanda bai shigo ɗakin ba tukuna, sai an yi ta ja da baya da daƙiƙa-daƙiƙa har su daidaita. Yaranmu da ba su taɓa shiga ajin kwamfuta ba yanzu sun ƙware a wannan.

Akwai kuma ƙa'idar da ba mu karyawa. Malamin Turancin nan shi ke fara kallo shi kaɗai, da biro da takarda, yana rubuta minti kaza zuwa minti kaza. Fina-finan Malam Li ba na batsa ba ne, amma akwai wuraren da ba za ka kalla kana zaune kusa da kawunka ba, kuma ba mu ga dalilin yin kamar ba mu da kunya don a ce mun waye ba. In an zo wurin, sai ya tsallake ya faɗa mana a taƙaice abin da ya faru. Mu ne hukumar tace fina-finan kanmu.

Sannan a zauna. Laftof a kan benci, ƙaramar sifika, tabarmi biyu, shayi na zagayawa. Da can janareto muke tayarwa mu haɗa da talabijin, amma tun cire tallafin mai a 2023 sai dai batir ya yi iya yinsa. Malam na karanta Turancin yana juya shi da Hausa nan take, in magana ta yi nauyi a tsayar da fim, a yi gardama, a ci gaba. Fim na awa biyu da 'yan mintuna yakan kai mu dare biyu.

Daren farko na Secret Sunshine, rabin majalisa sun yi gyangyaɗi. Wata mata ce mijinta ya rasu a haɗarin mota, ta ɗauki ɗanta ɗaya ta baro Seoul ta koma Miryang, garin su mijin, ta buɗe ajin koyar da piyano. Ana gaisawa, ana gulma a shagon gyaran gashi, bakanike na bin ta yana neman shiga. Wani ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Sai matar nan, don kada a raina ta a baƙon gari, ta fara yawon duba filaye tana nuna kamar tana da kuɗin saye. Nan wani dattijo manomi ya gyara zama ya ce, "Kai, yarinyar nan ta daina." Bai san labarin ba, amma ya san abin da ke biyo baya. Wata rana ta dawo gida da dare babu yaro, sai waya ta yi ƙara.

Ba wanda ya sake gyangyaɗi. A wannan yanki namu ba sai an fassara wa kowa wannan kiran ba. Mun ga ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Mun ji abin da aka yi wa masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025. Mun san dalilin da ya sa manomi yanzu ba ya faɗin buhu nawa ya samu, ya sa ake kai masara kasuwa kaɗan-kaɗan, ya sa wanda ya sayar da bijimi ba ya sauya riga. Kuma da aka gano cewa wanda ya sace yaron ba baƙo ba ne, malaminsa ne, wanda ya ji zancen filin da kunnensa, sai majalisa ta ɗauka baki ɗaya: infoma. Matar ta tattara ɗan abin da take da shi, wanda bai kai abin da aka zata ba, ta kai inda aka ce. Gawar yaron aka tsinta.

Abin da ya raba mana hankali yana gaba. Matar ta shiga coci, ta sami natsuwa, har ta yanke shawarar zuwa gidan yari da furanni ta gaya wa makashin ɗanta ta yafe masa. Ta same shi fuska a sake, ya yi ƙiba, ya shaida mata cikin ladabi cewa shi ma ya sami Ubangiji, kuma Ubangiji ya riga ya yafe masa. Ta fito waje ta yanke jiki ta faɗi. Jeon Do-yeon, wadda ta fito a matar, da wannan rawar ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Cannes na Faransa a shekarar, kuma ko wanda bai san Cannes ba ya ga dalili.

Nan aka rufe laftof, ba a sake buɗewa ba sai washegari. Wani almajirin malamai a cikinmu ya ce wannan mas'ala a wurinmu a bayyane take: laifin da ke tsakanin bawa da Allah, tuba na wanke shi, amma haƙƙin ɗan'adam yana nan a wuyanka sai mai shi ya yafe, kuma a kisa waliyyan mamaci ne ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa. Maƙwabcinmu Kirista, don ƙasar Kafur da Malumfashi akwai Hausawa Kiristoci tun kaka da kakanni, ya ce kada a ɗauka abin da mutumin nan ya yi koyarwar coci ce. Su ma an ce ka fara shiryawa da ɗan'uwanka kafin ka kawo baiko. Ya ce wanda ya tuba da gaske ba ya iya kallon uwar yaro ido cikin ido da wannan sakin fuska. Sai dattijon nan ya faɗi abin da kowa ke taunawa. Ya ce a 2019 gwamnati ta zauna da 'yan bindiga aka ce sun tuba, aka ɗauki hotuna, daga baya Gwamna Masari da kansa ya fito ya ce sun ci amana. "Ni ban ƙi sulhu ba," in ji shi, "wanda gonarsa ke bakin daji ya fi kowa son sulhu. Amma a duk zaman da aka yi, wa ya je ya tambayi matar da aka kashe wa miji ko ta yafe?"

Ni a nan na tsaya, har yau. Ina ganin mutanen da ke cewa irin wannan fim na 'yan boko ne, na masu lokacin ɓatawa, ba su zauna sun gani ba. Fim ɗin faɗa yana ba ka bos, a kashe shi, ka tashi ka kwanta. Malam Li ba ya kashe maka kowa. Yana ajiye kyamara a kan fuskar wanda aka zalunta, ya ƙi ɗaukewa, har sai ka ji nauyin da muke ɗora wa irin waɗannan mutane idan muka ce musu "a yi haƙuri" tun hawaye bai bushe ba. Muna faɗin haka da kyakkyawar niyya, na sani. Amma sau da yawa don mu huta muke faɗi, ba don su ba.

Poetry na 2010 kuwa mata ne suka ƙwace shi. Ya bi ta wayar wani yaro ya shiga cikin gida, wata malamar asibiti ta riƙa fassara musu, kafin mako ya zagayo ana zancensa a gidan suna. Tsohuwa ce mai shekara 66, tana riƙon jikanta, mantuwa ta fara kama ta, ta shiga ajin koyon rubuta waƙa. Sai ta ji cewa jikan nata na cikin yara shida da suka yi ta lalata wata 'yar makarantarsu har yarinyar ta faɗa kogi. Iyayen sauran yaran, maza biyar, suka kira ta zama: a haɗa won miliyan 30, kowane gida miliyan 5, a ba uwar yarinyar, a rufe maganar kada ta ɓata wa yara gaba. Gwaggona ta ce ko da ba a fassara mata wannan zaman ba ta gane shi, don ta sha ganin irinsa a zaure: a rufa asiri, a kashe wuta, gobe ma rana ce. Wurin da ya fi tsaya musu shi ne inda aka tura tsohuwar ta lallashi uwar yarinyar, ta same ta a gona, suka yi ta hirar 'ya'yan itace da amfanin bana, ta juya ta tafi, sai a hanya ta tuna abin da ya kawo ta. An daɗe ana musu a kan ko ita ce ta miƙa jikan ga 'yan sanda, tunda fim ɗin bai faɗa ƙarara ba. Masu jikoki a hannu suka ce ita ce, kuma don tana son sa ne. Ai sai da ta yanke masa farce kafin a zo a tafi da shi. Da aka gaya musu cewa Yoon Jeong-hee, wadda ta yi wannan rawa, ita ma ciwon mantuwar ne ya kama ta har ta rasu a Faris a 2023, sai aka yi ta salati.

Burning na 2018 samari ne suka fi riƙe shi. Ɗan manomi ne da ya gama jami'a babu aiki, ya koma gonar ubansa a Paju, kusa da iyakar Koriya ta Arewa, yana kiwon maraƙi guda, ga wani mai Porsche da ba a san sana'arsa ba ya ɗauke masa yarinya. Masu digiri da ke tallan caji da masu acaɓa ba su buƙaci sharhi ba. Dattawa kuwa suka ce fim ɗin bai ƙare ba aka tashi. Don a faranta musu aka samo Old Partner, wanda ba na Malam Li ba ne, na Lee Chung-ryoul ne, kuma ba wasa ba ne, rayuwar gaske ce: tsohon manomi da san huɗarsa mai shekara wajen arba'in, ya ƙi fesa maganin ciyawa don kada san ya ci guba. Mutum kusan miliyan uku suka shiga sinima suka kalle shi a Koriya a 2009. A nan, waɗanda aka kore wa shanun huɗa da dare ba su iya kai shi ƙarshe ba.

Akwai abin da ke damun wasunmu, kuma ya kamata ya dame mu. Duk wannan kallo, ko kwabo bai isa hannun Malam Li ba. Mu da muka yi gardamar haƙƙi dare guda, ba za mu ce ba mu san wannan ma haƙƙi ba ne. Mun kuma ga yadda turi ya karya kasuwar faifai ya tura 'yan fim ɗin Kano YouTube. Uzurinmu shi ne babu inda za mu je mu saya ko da mun riƙo kuɗin, amma uzuri ba biya ba ne. Shi ya sa muka fi sakin jiki da abin da masu shi suka bayar da kansu. Hukumar adana fina-finai ta Koriya tana da tasha a YouTube mai suna Korean Classic Film, inda ta zuba tsofaffin fina-finai kyauta da fassarar Turanci, kuma ta nan muka san Im Kwon-taek, wanda ya yi fim sama da ɗari. Akwai kuma Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010, tana nuna fina-finai. Abuja dai ba nan kusa ba ce ga mai noman rani.

Cikin shidan nan na Malam Li mun ga biyar, har da Peppermint Candy mai tafiya da baya-baya daga 1999 zuwa 1979, da Oasis wanda Malam ya cika rabin shafi da mintocin tsallakewa. Saura na farkon, Green Fish na 1997. An taɓa kawo mana shi a filas, hoto tangaran, amma rubutun ƙasan da wani harshe ne da ba mai karanta shi a garin nan. Wasu suka ce a kalla haka nan, ai iyayenmu ma haka suka kalli Indiya. Malam ya ce a'a, mutumin da ya fara da rubuta littafi ba a yi masa kallon kurame. An ba wani ƙanenmu direba da ke lodin hatsi zuwa Abuja sunan a takarda, ya biya ta cibiyar nan ya tambaya ko suna da shi, ko kuma su faɗa mana hanyar da ake bi a saya.